Kalangu a Rataye, Goyo a Baya

(Taken shiri: kiɗan kalangu, sannan ya yi ƙasa)

 Gaisuwa ga mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam, da na Kadawa da Karfi da Ɗan Hassan da Ciromawa da Barkum. Sannunku da aiki masu ban ruwa a bakin kanal, sannunku iyayenmu mata da ke gaban tukwanen turara shinkafa, sannunku masu lodin kwanduna a Kwanar Gafan.

Yau za mu leƙa wani gida ne da ba a cika sa shi a lissafi ba idan ana maganar wannan yanki na noman rani. Gidan matashin makaɗi ne da Allah ya ba shi ƙaruwa. Ina nufin wanda ya gaji kalangu ko kotso ko goge ko algaita, ya yi shekaru yana amshi a bayan mahaifinsa ko maigidansa, hannunsa ya faɗa, yanzu yana neman inda zai kafu ya ci gashin kansa, sai ga jariri ya iso. Kiɗan da ya iya kiɗa ne mai asali, wanda ba a koyonsa a wata uku. Amma aikin ba ya zuwa kullum, jariri kuwa kullum sai ya ci, sai an yi masa wanki, wata rana kuma sai an kai shi asibiti. To yaya gidan zai tsaya?

A zamanin da, wannan tambaya ba ta da wuyar amsa, domin makaɗi yana da ubangida. Ibrahim Narambaɗa yana fadar Sarkin Gobir na Isa. Salihu Jankiɗi yana fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Abin da muka fi riƙewa daga labarinsu shi ne manyan kyaututtuka, riguna da dawakai, daga baya kuma a zamanin su Shata aka shiga motoci da kujerun Makka. Amma abin da ya riƙe gidajen makaɗa yau da gobe ya fi wannan sauƙi: hatsin da ake aiko musu da kaka, gonar da aka ba su, muhallin da aka zaunar da su, da ragon da ubangida zai turo idan an yi haihuwa. Idan muka sauko daga fada kuma, kusan kowace sana'a tana da makaɗinta. Mahauta suna da masu kalangu, manoma suna da masu gangar noma, maƙera da maharba da 'yan dambe kowa da nasa. In an kira gayya, makaɗi yana gaban manoma yana zuga su tun hantsi, da kaka kuma ba a manta da daminsa ba. Musa Ɗanƙwairo kansa, wanda ya rasu a 1991, daga kiɗan noma gidansu ya taso kafin ya zama makaɗin sarakuna.

Wannan tsari ya sassauta, kuma duk mun ga yadda ya sassauta. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Fadar da ba ta riƙe da baitulmali ba za ta iya ɗaukar gidajen makaɗa masu yawa ba. A gona kuma jinga ta ture gayya. Wanda ya kama haya ta eka biyu a cikin kanal kuɗi yake biya a yi masa dashe, a yi masa yanka, ko ya kira inji. Babu mai ganga a wannan lissafi. Gidan biki ya koma hannun mai lasifika da kwamfuta, mutum ɗaya da janareta ya ɗauke aikin mutum bakwai. Hawan Sallah yana nan da kwarjininsa, har hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024, abin da ya faranta mana rai ƙwarai. Sai dai hawa sau biyu ne a shekara, akwai ma shekarun da ba a yi ba, kamar 2020 da annobar korona ta hana taro. Mai algaita da ke jiran Sallah kafin ya auna masara, iyalinsa za su sha wuya.

Kada kuma mu ɗauka wannan matsala ta Bahaushe ce kaɗai. Turawa ma suna da nasu kiɗan fada, wanda suke ji da shi har gobe, kuma ɗaya daga cikin manyansa shi ne wani Bajamushe mai suna Yohan Sebastiyan Bak. Makaɗin fada ne sosai, yana bin ubangidansa duk inda ya sa ƙafa. A 1720 ya raka yariman da yake yi wa aiki wata doguwar tafiya, da ya dawo sai ya tarar matarsa ta rasu har an binne ta, ga yara huɗu suna jiransa. A 1723 ya bar fada ya koma aikin koyarwa da kiɗan coci a birnin Laifzig, kuma karatun 'ya'yansa na cikin dalilansa. A wata wasiƙa da ya rubuta wa abokinsa a 1730 ya koka da tsadar garin, ya nuna cewa babban ɓangaren samunsa ya dogara ne da ɗan abin da ake biya a taruka irin na jana'iza, in ba su samu ba aljihu ya yi sanyi. 'Ya'ya 20 ya haifa, 10 ne suka girma. Duk wanda ya tashi a gidan kiɗa a ƙasar Hausa zai gane wannan labari ba tare da tafinta ba. Har yau a can, mai goge irin nasu yakan yi ta yawo gari-gari yana gwaji a bayan labule, mutane da yawa suna neman kujera ɗaya, ga jariri a gida.

(Kiɗan goge na ɗan lokaci)

Bari mu dawo ƙasarmu, mu shiga gidan matashin makaɗin da kanmu. A ce dare ne cikin damina, kwana ashirin da suna. Maigida yana zaune a kan tabarma a bakin ƙofa, kalangu a cinya. Laimar damina ta sa fata ta saki, muryar ta dushe, don haka ya kanga shi kusa da garwashin da ya rage a murhu, yana juya shi a hankali kada fatar ta ƙone. Yana bin tsarkiya ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya ga guda biyu sun soma cinyewa, ya san sai ya nemo jima. Ya matse a hammata, ya ɗan taɓa da makaɗi, ya saki, ya saurara. Da rana an yi masa waya: ana naɗin sarauta a wani gari mai nisa, wani babban makaɗi yana neman wanda zai cike masa gurbi, kwana uku. Ba a faɗi ko nawa ba. An dai ce ya zo, ba zai yi nadama ba. Irin wannan kira ne ya shekara yana jira.

Sai murya ta fito daga ɗaki: “Maigida, zo ka taɓa jikin yaron nan, kamar da zafi.” Ɗan fari ne, ba za ta kama sunansa ba. Ya shiga, ya ɗora bayan hannu a goshin jariri, ya ji zafin. Mahaifiyar maigidan ta ɗaga labule ta ce, “Kai, kada ka tayar da hankalinka, canjin iska ne. Ka yi tafiyarka, ai muna nan.” Ya ce, “To, Iya.” Amma kuɗin da ke aljihunsa kuɗin mota ne kawai. In ya tafi da su, gida babu ko sisi. In ya bar su, tafiya ta fasu.

Ina so in tsaya a nan, domin a nan ne maganar take. Zazzaɓi a jikin jaririn da bai kai wata biyu ba, ba abin da ake jira da shi ba ne zuwa gobe, balle zuwa jibi. Ma'aikatan lafiya sun haɗu a kan wannan: a kai shi asibiti nan take. Haka in ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya yi sauri, ko ya yi laushi, ko cibiya ta yi ja tana wari. Iya ba mugunta take yi ba, ƙauna ce ta sa take son ɗanta ya samu shiga, kuma ta goyi yara da yawa sun rayu. Amma a wannan dare shawararta ba daidai ba ce, kuma maigida ne kaɗai zai iya faɗa mata haka cikin ladabi. Mai jego ba za ta iya musu da surukarta ba, mun san al'adarmu. Don haka nake cewa, duk makaɗin da ke neman aiki, kafin ya sayi sabuwar fata, kafin ya ɗinka rigar fita, ya fara ajiye wani abu a hannun matarsa wanda ba a taɓawa, wanda zai kai ta asibiti ya dawo da ita ko yana nan ko ba ya nan. Ya kuma bar mata izini a fili, a gaban iyayensa, cewa in yaro ya yi zafi ta fita, ba sai an same shi a waya ba. Ya yi magana da wani maƙwabci mai babur tun kafin buƙata ta taso. Wanda ya yi wannan ya tafi da kwanciyar hankali, kiɗansa ma zai fi daɗi.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, a cikin shekarun da makaɗi yake neman suna, matarsa ce take biyan mafi yawan kuɗin wannan nema. Ita ce take turara shinkafar mutane da goyo a baya, hayaƙi na shigar mata ido, ta shanya, ta kwashe kafin hadari. Ita take zubin adashi, kuma sau da yawa in ta ɗauka, kuɗin mota yake zama ko kuɗin situdiyo. Ita take jure maganar dangi, masu cewa an aurar da ita ga maroƙi. Idan Allah ya ɗaga maigida, shi ake yi wa kirari a fili. Ban ce kada mace ta tallafi mijinta ba, wannan alheri ne kuma gidaje da yawa da shi suka tsaya. Abin da nake roƙo shi ne a san bashi ne, a kira shi bashi, a biya. Kuma a kwana arba'in na farko a ɗauke mata aikin wuta da ɗaukar kaya gaba ɗaya. Idan mai jego ta soma kumburin ƙafa, ko numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, kada a ce gajiyar wanka ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ja hankali a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a ƙasar nan tamu, kuma yana da magani in an je da wuri.

To ina mafita? Ni a ganina, ku mutanen wannan yanki kuna da abin da makaɗin birni ba shi da shi, wato ruwa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta babban kanal zuwa ƙasar Kadawa da Kura da Bunkure, wannan ƙasa ba ta san zaman banza na rani ba. Da damina shinkafa, sanyi na shigowa tumatir da albasa da alkama da masara, ana kwashe su wasu su sake zuba shinkafar rani. A wasu garuruwan, matashi yana gama girbi sai ya ɗaure kaya ya tafi ci-rani, ya bar mai ciki ko mai goyo wata biyar. Ku nan ake zuwa ci-rani wajenku. Abin da ubangida yake yi wa makaɗi a da, ya ba shi hatsi don ya samu sukunin kiɗa, kanal yana iya yin irinsa a yau ga wanda bai raina shi ba.

Ba sai mutum ya mallaki gona ba. Akwai haya, akwai haɗin gwiwa da ɗan'uwa, akwai jingar dashe da yanka da bugu, akwai tsinkar tumatir da lodi. Na san wasu matasan makaɗa suna jin nauyin a gan su cikin taɓo da safe alhali jiya an gan su da babbar riga a gaban hakimi. Wannan jin nauyi ba shi da tushe a tarihin kiɗanmu, domin yawancin makaɗan karkara manoma ne tun asali. Abin da ake buƙata shi ne lissafin lokaci. Bukukuwa da naɗe-naɗe da dambe da kokawa sun fi yawa bayan kaka da kuma bayan Sallah, lokacin da kuɗi ya shigo hannun mutane. Tumatir kuwa in ya nuna ba ya jiran kowa, ga ban ruwa da ke da ranarsa, in ka kuskure ranar layinku sai ka jira zagaye. Makaɗin da ya san zai yi yawan fita da rani gara ya nufi amfanin da ke jure a ajiye shi, irin shinkafa ko masara ko alkama, ya kuma sami wanda za su yi karɓa-karɓar ban ruwa. Ba mu manta da 2016 ba, shekarar da wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a wannan yanki. Wanda ya zuba duk abin hannunsa a tumatir kaɗai, ga jariri, ga aikin kiɗa da ba tabbas, ya ɗora wa kansa kasada biyu a lokaci guda. Kuma buhun shinkafar da aka ware na ci, a bar shi na ci. Kada a sayar da shi don a buga waƙa a situdiyo.

(Kiɗan kotso na ɗan lokaci)

Shi kansa neman aikin, a ina ake yinsa? Fadojin hakimai da dagatai suna nan, suna kuma buƙatar masu busa da masu kiɗa a ranakun taro, kodayake abin da ke fitowa bai taka kara ya karya ba. Hanyar shiga dai ba ta canza ba: ta hannun manyan makaɗan da ke wurin, da gaisuwa, da haƙurin tsayawa a baya. A birni akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, mai kula da ƙungiyoyin wasannin gargajiya. Gidajen rediyo da talabijin suna da filayen makaɗa, ba kasafai suke biya ba, amma daga nan ake jin mutum a kira shi. Masu waƙoƙin zamani da na fina-finai sun soma gane cewa fiyano ba ya fitar da muryar kalangu ko algaita ta gaske, sukan nemi mai hannu ya zo ya buga musu. Wanda zai shiga wannan harka ya san akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i da ke rajistar masu wannan sana'a, ya kuma san iyakokin da Hisba take sa ido a kansu a tarukan biki, kada ya jawo wa kansa abin da zai kwana a waje iyalinsa na jira. A jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello akwai malamai da ɗalibai da ke nazarin waƙar baka. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi shekaru yana tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa, irin wannan bincike kuwa kullum yana neman wanda ya san abin daga tushe. Wanda kuma yake da takardar sakandare yana da kunnen kiɗa, kada ya manta da badujalar soja da ta 'yan sanda, aiki ne mai albashi.

Abu guda da nake so matasa su canza shi ne yadda ake karɓar gayyata. “Ka zo, ba za ka yi nadama ba” magana ce ta zamanin da ubangida yake jin kunyar a ce makaɗinsa ya koma hannu rabbana. Yanzu mai iyali ya tambaya: nawa ne, mu nawa za mu raba, wa zai biya mota, yaushe za a sallame mu? Ya nemi kafin alƙalami, ya bar shi a gida kafin ya fita. Wasu za su ce wannan ba ɗabi'ar makaɗi ba ce, makaɗi abin da aka ba shi yake karɓa ya yi godiya. Amma mai lasifika da ya karɓe muku aiki ba ya ɗaura waya sai an biya shi rabi, kuma ba wanda ya ce ya yi rashin kunya. Haka in an kira ka situdiyo, a yi magana tun farko, sallama ce ta yini ɗaya ko kana da rabo a waƙar, a kuma sa sunanka. Nijeriya tana da dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kuma ta san da haƙƙin wanda ya yi kiɗan, ba mai kamfani kaɗai ba.

Ban manta da mata ba. Kiɗan ƙwarya da amada nasu ne, kuma Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta nuna wa duniya cewa mace na iya riƙe gida da ƙwarya da murya. Akwai 'yan amshi da masu kiɗan ƙwarya a garuruwanmu da ke zuwa gidan suna ko kamu da goyo a baya, don ba su da inda za su bar shi. In ƙwarya ce kawai a tsakar gida, da sauƙi. Matsalar ita ce lasifika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko a wurin taron manya kada ƙara ta wuce desibel 100, yawancin bukukuwanmu kuwa ba mai aunawa, ana murɗawa ne har ƙarshe. Kunnen jariri bai kai ƙarfin na babba ba, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. In kina tsaye a wurin da sai kin ɗaga murya kafin ta kusa da ke ta ji ki, wurin bai dace da goyonki ba. Ki tafi da ƙanwa ko 'yar raino, ta zauna da shi a ɗaki mai nisa, ki riƙa zuwa kina ba shi nono. Maigida ma, mai algaita ko kakaki ko ganga, ya fitar da gwajinsa bayan gari. Abin tausayi ne ɗan makaɗi ya tashi da raunin ji saboda sana'ar gidansu.

Ruwan nan da muke yabo shi ma yana da nasa haraji. Inda ruwa ke kwance rani da damina, sauro ba ya hutu, don haka gidan sauro a nan na shekara ne ɗungurungum, ba na damina kaɗai ba. Idan masu rabon maganin kariya daga zazzaɓi suka zo da damina, yaro daga wata uku ya cancanta, a karɓa a kuma cika kwanakin. Kada a yi wa jariri wanka da ruwan kanal kai tsaye, akwai tsargiya a irin wannan ruwa, kuma da ya soma rarrafe a sa ido, ƙaramin kanal ma ya isa ya yi ɓarna. Wanda ya dawo daga feshi ya tuɓe kayan a waje, ya yi wanka da sabulu kafin ya ɗauki yaro, jarkar magani kuma kada ta kwana a ɗakin mai jego, kada a mayar da ita ta zuba ruwa. Nono zalla har wata shida, ko da zafin bazara, ba sai an ƙara ruwa ba. Sai rigakafi: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, da wata 15. Mun ga abin da mashaƙo ya yi a Kano a 2023, yawancin yaran da ya kama ba su cika rigakafinsu ba. Makaɗin da ke riƙe da taken sarakuna goma sha a ka, da jerin kakanninsu ba tuntuɓe, ba zai gaza riƙe ranaku shida ba. Ya duba katin asibiti kafin ya amsa gayyata.

Akwai kuma maganar surukai, wadda ta fi ciwo a wasu gidajen. Haihuwa takan zo da wa'adi: Baba ya kira suruki ya ce, “Yanzu ka zama uba, sai ka ajiye gangar nan ka nemi sana'a.” Wani don tausayin 'yarsa yake faɗa, wani don abin da ya fahimta na addini, malamai kuwa sun daɗe suna da maganganu mabambanta a kan kiɗa, ba kuma wannan fili ne zai raba gardamar ba. Abin da na lura da shi shi ne, mafi yawan iyaye ba ƙarar kalangu ce ke damunsu ba. Suna tsoron 'yarsu ta kwana da yunwa, suna tsoron yawon dare da abokan banza da shaye-shayen da ake dangantawa da harkar. Matashin da ya cika rumbu, ya tsare sallarsa, ya dawo gida a kan lokaci, ya tsarkake bakinsa daga zambo da batsa, ya riga ya amsa rabin tuhumar ba tare da ya buɗe baki ba. Ya je da kansa ya durƙusa ya ce, “Baba, ga gonar da na kama, ga abin da na ajiye, ga kwanakin da nake fita.” Dattijo yana ganin tsari in an nuna masa.

Mu kuma sauran jama'a muna da namu laifin. Muna son a ce garinmu yana da masu algaita in baƙo ya zo. Muna jin daɗi in an saki Shata ko Ɗan Maraya ko Haruna Uji a rediyo, mu girgiza kai mu ce an daina irinsu. Amma in za mu aurar da 'ya, kuɗin rumfa da kujeru da mai hoto duk a rubuce suke, makaɗin garin kuwa sai abin da ya tsinta a ƙasa. Manyan manoma da masu injinan casa na Kura da dillalan Kwanar Gafan, da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, ku ne masu hali a wannan zamani. In an yi kaka mai kyau, ba abin da zai hana a shirya wasan gargajiya na yini ɗaya da rana tsaka, a kira makaɗan yankin, a yanka musu abin kirki tun kafin su taɓa fata. Wanda ke da eka ashirin ya ba matashin makaɗi aron rabin eka na shekara guda, bai yi asarar komai ba. Matasa masu manyan wayoyi kuma, ku je wurin tsofaffin makaɗan da suka rage a ƙauyukanku, da izininsu, ku ɗauki taken noma da na mahauta da na sarakunan garin, ku rubuta sunan mai kiɗan da sunan taken, ku bar wa iyalinsa kwafi. In kun sa a intanet wani abu ya shigo, ku kai musu rabonsu.

Lokaci ya cimma mana. Masu jego da ke saurare, Allah ya raya, ya ba ku lafiyar shayarwa. Masu ban ruwan dare, a yi hattara da macizai a bakin kanal.  

(Taken shiri)